Kimiyya da Lissafi a Tsakar Gida



Abin da aka ɗora mini in yi magana a kai shi ne yadda za a koya wa yara kimiyya da lissafi ta hanyar aiki da hannu. Batun kuwa ya shafe mu duka, domin da wuya a sami wani a zauren nan da ba shi da ƙane ko ƙanwa a firamare, sa'an nan da yawanmu aji za a tura mu idan lokacin bautar ƙasa ya zo.

Kowa ya san halin da ake ciki. Yaro zai haddace cewa ruwa yakan zama tururi, ya rera shi kamar karatun allo, amma in ka tambaye shi ina ruwan da ke jikin rigar da aka shanya ya tafi, sai ya yi zuru. In aka tuhumi malami, amsarsa guda ce: babu ɗakin gwaje-gwaje, babu kayan aiki. Lalle akwai gaskiya a cikin wannan kuka. Sa'ad da aka ƙaddamar da shirin ilmin firamare kyauta a 1976, yara sun kwararo fiye da yadda aka tanada, har azuzuwa da malamai suka kasa. Haka kuma da aka soma tsarin 6-3-3-4 a 1982, an sayo injuna daga ƙasashen waje domin koyar da fasaha, da yawansu suka lalace a cikin akwatunansu saboda babu ginin da za a kafa su, babu wutar lantarki, babu wanda aka horar. Darasin da ke cikin wannan tarihi shi ne, idan sai kaya sun iso daga ƙetare za a fara koyarwa, to yara da yawa za su gama makaranta ba su taɓa gwada kome da hannunsu ba. Saboda haka bari in kawo misalai na abin da za a iya yi gobe da safe, ba tare da an kashe ko kwabo ba.

Mu fara da inuwa. A kafa sanda mai tsawon mita 1 a fili, a sa yara su riƙa sa tsakuwa a ƙarshen inuwarta bayan kowace sa'a. Kafin azahar za su gani da idonsu inuwa tana gajarcewa tana juyawa, bayan rana ta karkata kuma ta soma tsawo ta wajen gabas. Wannan shi ne agogon da malaman zaure suke duba lokacin salla da shi tun kafin agogon Bature. Sa'an nan a tambaye su: yaya za mu san tsawon rimin can ba tare da kowa ya hau ba? A bar su su yi ta gardama tukuna. Amsar ita ce, idan inuwar sanda ta kai mita 2 a wannan lokaci, watau ninki biyu na tsawonta, to inuwar rimi ma ninki biyu ce ta tsawonsa. In an auna ta aka sami mita 24, tsawon rimi mita 12 ke nan. An ce da irin wannan dabara Thales, masanin Girka, ya auna dalar Masar fiye da shekara 2,500 da suka wuce. Yaron da ya yi wannan awo da kansa ba zai ƙara jin tsoron darasin gwargwado ba.

Daga nan mu leƙa madafa. A jiƙa zoɓo, a tace, a zuba shi a kofi uku. A bar na farko yadda yake, a matsa lemon tsami a na biyu, a ɗiga ruwan kanwa a na uku. Na lemo zai ƙara ja, na kanwa kuwa zai rine ya yi duhu, ya karkata zuwa kore. Dalili shi ne, launin da ke cikin zoɓo yakan sauya gwargwadon abin da ya tarar, ko mai tsami ne ko dangin kanwa ne. Yanzu sai yara su bi gida suna gwada ruwan tsamiya, da ruwan toka, da ruwan sabulu, da nono, suna rubuta rukunin da kowanne ya faɗa. In kuma aka matsa lemo a kofin kanwa, za a ga kumfa ta taso, jan ya soma komowa, domin ɗaya yana kashe ƙarfin ɗaya. Iyayenmu mata sun daɗe da sanin haka, shi ya sa suke jefa kanwa a miyar yakuwa don ta kashe tsami. Aikin da takardar gwaji ta litmus take yi a ɗakin gwaje-gwaje, shi zoɓo yake yi a kofin roba.

Na uku, randa. Me ya sa ruwanta ya fi na bokiti sanyi, alhali a ɗaki ɗaya suke? A cika kwalabe biyu da ruwa, a naɗe ɗaya da jiƙaƙƙen tsumma, a ajiye su a inuwa inda iska ke kaɗawa. Bayan sa'a guda a taɓa. Ruwan da ke tsumma sai ya ɗebi zafi daga jikin kwalba kafin ya tashi ya bi iska, haka nan kuma ruwan da ke tsatsafowa ta jikin randa. A maimaita gwajin da bazara, a kuma maimaita da damina, yara za su gane cewa ya fi aiki sa'ad da iska take a bushe. Kada wani ya raina wannan ɗan gwaji. Da shi marigayi Malam Mohammed Bah Abba, malami a Jihar Jigawa, ya yaɗa dabarar sa tukunya a cikin tukunya, da jiƙaƙƙen yashi a tsakaninsu, domin adana tumatir da ganye a ƙauyukan da ba su da lantarki, har aka ba shi lambar yabo ta Rolex a shekarar 2000.

Game da lissafi kuwa, a ba yara zare su auna kewayen faifai, da murfin tukunya, da tayar keke, sa'an nan su auna faɗin kowanne ta tsakiya, su raba kewaye da faɗi. Kome girman abin, kome ƙanƙantarsa, amsar za ta tsaya kusa da 3 da ɗan ɗori. Sai bayan sun yi mamaki za a gaya musu cewa wannan ita ce 22/7 da ke cikin littafinsu. Haka kuma a sa kowane yaro ya auna tsawon aji da takunsa, ko tabarma da taƙinsa. Amsoshi za su sha bamban, gardama ta tashi, daga ƙarshe su da kansu za su nemi awo guda wanda kowa ya yarda da shi. A nan ne mita take samun ma'ana.

Akwai kuma hatimi. A zana gida tara a ƙasa, uku-uku, a ce yara su jera lambobi daga 1 zuwa 9 yadda kowane layi, a tsaye ko a kwance ko a karkace, zai ba da jimla ɗaya. Mai kaifin basira zai lura cewa jimlar lambobin duka 45 ce, in an raba ta layi uku kowanne zai sami 15, kuma dole 5 ta zauna a tsakiya. Ɗaya daga cikin amsoshin ita ce 4, 9, 2 a sama, 3, 5, 7 a tsakiya, 8, 1, 6 a ƙasa. Ya kamata yaranmu su san cewa wani malamin Katsina, Muhammadu ɗan Muhammadu al-Katsinawi, ya rubuta littafi da Larabci a 1732 a kan ƙa'idojin gina irin waɗannan gidaje, kuma ya rasu a Alƙahira a 1741. Ashe lissafi ba baƙo ba ne a ƙasar nan.

Na san za a ce duk wannan wasa ne, jarrabawa kuwa ba ta tambayar wasa. Gaskiya ne gwaji yakan zama wasa idan aka yi shi barkatai. Abin da ke mai da shi ilmi abu uku ne: yaro ya faɗi abin da yake zaton zai faru tun kafin a fara, ya auna ya rubuta abin da ya gani, sa'an nan ya yi bayanin dalili da bakinsa. Kuma a bar shi ya yi bayanin da Hausa, kalmomin Turanci su biyo baya. Gwajin da Farfesa Babs Fafunwa ya jagoranta a Jami'ar Ife daga 1970, inda aka koyar da yara darussan firamare da Yarbanci, ya nuna cewa koyo da harshen gida bai mai da su baya ba, har a Turancin kansa. Wanda ya fahimta yana iya haddacewa cikin sauƙi, amma wanda hadda kawai ya yi, da an juya masa tambaya sai ya ruɗe.

Sai dai a kiyaye. Kada a bar yaro ya dubi rana kai tsaye, kada ya ɗanɗani abin gwaji, kada a kusanci ruwan batir ko fetur, wuta kuwa sai da babba a wurin. Haka kuma kada a ware 'yan mata a ce su tsaya kallo, domin rabin kayan gwajin nan daga hannunsu ake aro su.

Roƙona gare mu ɗalibai shi ne, a wannan hutu kowa ya tara yaran gidansu da na maƙwabta, ko sau ɗaya a mako, ya yi gwaji guda tare da su. Yayyenmu da ke ma'aikatun ilmi kuma, idan kun je duba makarantu, bayan kun ƙirga kujeru da rajista, ku tambayi yara abin da suka auna da hannunsu a wannan zango. Malami yakan ba da ƙarfi ga abin da ya san za a tambaye shi. Hausawa sun ce gani ya kori ji, kuma icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi.

Allah ya ba mu ilmi mai amfani.