HUTUN LAKWAL BA HUTUN ILIMI BA NE

 

Hirarmu ta yau a kan babban hutun lakwal ce. Daga watan Yuli har ƙarshen Satumba ɗiyanmu suna gida. Wata 3 ke nan. Wasu suna taya mu noma, wasu kiwo, wasu talla. Aiki ne mai kyau. Amma in yaro ya yi wata 3 bai taɓa alli ba, bai ƙirga komi ba, ran da aka koma aji sai mushe ya tarar abin da ya koya masa ya zube. Ku ɗaliban karatun manya kun san haka. In damina ta tsaida karatu, hannu yakan yi nauyi wajen rubutu.

To, mi za a yi? Ku ji dabarar da aka yi a wata ƙasa ta gabashin Afirka, watau Kenya. A shekarar 2011, malaman lissafi na jami'ar Maseno suka buɗe sansanin hutu. Suna tara ƴan makarantar sakandare na tsawon mako guda. Ba hadda ake yi ba. Ana koyon lissafi ta hanyar wasanni, da kacici-kacici, da aiki da kwamfuta. Yaro ya taɓa da hannunsa, ya gwada, ya kuskure, ya sake. Daga baya aka buɗe irinsa a Habasha da Gana.

Wani zai ce: ai mu ba mu da jami'a a garinmu, ba mu da kwamfuta. Gaskiya ne. Amma muna da inuwar icce, da rairayi, da rana. Ga abu 3 da za ku iya yi da yara.

Na farko, lissafi. Ku tambayi yara tsawon gawon da ke bakin gona, ba tare da kowa ya hau ba. Ku kafa sanda mai tsawon metir 1, ku auna inuwarta. A ce ta yi metir 2. Nan take ku auna inuwar gawon. In ta yi metir 12, to tsawonsa metir 6 ne, don a lokacin nan kowace inuwa ta ninka mai ita sau 2.

Na biyu, ba kwamfuta umurni. Kwamfuta ba ta da wayon kanta. Abin da aka rubuta mata take bi, ɗaya bayan ɗaya. A shekarar 2007 wata babbar makaranta ta Amurka mai suna MIT ta fito da Scratch, wanda yara ke koyon wannan aiki da shi kyauta. Amma tushen abin ana iya koyonsa a ƙasa. Ku zana gidaje a rairayi kamar na dara, manya-manya. Gida ɗaya ku ce rijiya ne, wani kuma kasuwa. Yaro ɗaya ya zama na'ura. Kalma 3 kaɗai yake ji: gaba, dama, hagu. Wani ya rubuta umurnin a allo, ya karanta masa har ya kai kasuwa. In na'ura ta faɗa rijiya, ba laifinta ba ne. A koma ga allo, a nemo kuskuren, a gyara. Haka masu wannan sana'a suke yi.

Na uku, kimiyya. Ku samo gwangwani 2 iri ɗaya. Ku shafa ma ɗaya baƙin tukunya, ɗayan ku shafa masa farar ƙasa. Ku cika su da ruwa, ku ajiye a rana awa 1, yara su sa yatsa. Ruwan baƙin ya fi zafi, don baƙi yana shan hasken rana, fari kuwa yana maida shi. Kada ku rena wannan wasa. Abdu Mumuni, ɗan Tasawa da aka haifa a 1929, ƙarfin rana ya yi ta bincike a kai, har ya shugabanci ma'aikatar ONERSOL. Ya rasu a 1991, kuma jami'ar Yamai sunansa take ɗauke da shi tun 1992.

Iyaye, kada ku ce yara wasa kawai suke yi. Gani ya kori ji, abin da hannu ya yi kuma ba ya saurin ɓacewa. Kada kuma a bar ɗiya mata a baya saboda daka da ɗibar ruwa. A ba su awa 1 su ma. Ku shawarta da mushe ko wani ɗan lise da ya zo hutu, ku tsaida rana ɗaya a mako, da marece bayan an taso daga gona.

Ga tambayoyin da za ku tattauna a ajinku: Wa zai iya jagorar yara a garinku? Wace rana ta fi dacewa? Ɗiya mata nawa za su zo?

Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi. Allah shi ba mu damina mai albarka. Sai mako mai zuwa.