Amsoshin Takardunku: Ina Iyakar Ƙarfin Ɗan Sanda?

Takardarmu ta yau ta fito daga wani mai fataucin awaki a Mai'aduwa, ƙasar Daura. Ya ce an tare ƙanensa a hanyar kasuwa kan rikicin bashi. Yaron ya miƙa hannu aka sa masa ankwa, amma duk da haka wani ɗan sanda ya yi ta ɗirka masa kulki har hannu ya karye. Yana tambaya, shin doka ta yarda da wannan?

To Malam, amsa a taƙaice ita ce a'a. Gaskiya ne doka ta ba ɗan sanda ikon sa ƙarfi, amma gwargwadon gardamar da aka yi masa. In mutum ya zaro wuƙa, ko ya nemi ƙwacewa ya gudu, ana iya danne shi. Sashe na 33 na Tsarin Mulkin 1999 ma ya ambaci kare rai, da kamun da doka ta halatta, da kwantar da tarzoma, amma can ɗin ma sai da ya ce ƙarfin kada ya wuce na larura. Da zarar mutum ya sallama, dalilin ƙarfi ya ƙare. Duka bayan ankwa kuwa ba kamu ba ne, azabtarwa ce, kuma dokar hana azabtarwa ta 2017 ta tanadi ɗaurin da zai iya kai shekara 25.

Wani abin kuma, tun farko ma bashi ba hurumin caji ofis ba ne. Dokar 'Yan Sanda ta 2020, wadda ɗan garin Daura marigayi Muhammadu Buhari ya sa wa hannu, ta hana kama mutum kan bashi ko saɓa yarjejeniyar ciniki, ta kuma hana kama wani a madadin ɗan'uwansa. Mai bin bashi kotu zai nufa.

Yanzu abin yi: kada ku tsaya wajen mai ɗori kaɗai. Ku kai yaron asibiti a ba ku takardar likita tun rauni yana ɗanye, don ita alƙali zai duba. Ku riƙe rana da wuri da waɗanda suka gani da idonsu. Sannan ku kai kuka wurin Di-Pi-O. In ya yi biris, ku rubuta wa Kwamishinan 'Yan Sanda a Katsina, ko Hukumar Kare Haƙƙin Ɗan Adam ta Ƙasa, ko ku sami lauya ya nemi diyya a Babbar Kotu.

Allah ya ba ƙanenka lafiya. Sai takarda ta gaba.