Yau 21 ga Maris

Yau a Iran sanyi ya ja da baya, itatuwa na toho, dare da rana sun kusa yin daidai. Bikin Nowruz ake yi, sabuwar shekararsu: an share gida tsaf, an ajiye tsiron alkama kore shar kusa da madubi.

Sai dai ranar tana da tabon da bai kamata mu manta ba. A 1960 'yan sandan Afirka ta Kudu suka buɗe wa masu zanga-zanga wuta a Sharpeville, suka kashe aƙalla mutum 69, da yawansu ta baya aka harbe su suna gudu. Dalilin haka Majalisar Ɗinkin Duniya ta keɓe ranar don yaƙi da wariyar launin fata.

A rana irin ta yau Namibiya ta samu 'yanci a 1990. Masoya ƙwallo kuwa, a wannan rana ce aka haifi Ronaldinho na Brazil, a 1980.