Kalmar "Proceedings" a Bakin Kotu da Wuyar Fassara Ta da Hausa



Laccata ta yau a kan kalma guda ce tak ta Ingilishi, watau "proceedings". Na zaɓe ta ne domin kusan babu takardar kotu ko kundin doka da za a buɗe a ƙasar nan ba a ci karo da ita ba, amma har yanzu Hausa ba ta yi mata masauki ba. Bahaushe ya ari kotu da joji da lauya da beli da waranti, ya lanƙwasa "summons" ta koma sammaci, har wanda bai taɓa shiga aji ba ya san abin da ake nufi in an ce an aiko masa da shi. Waɗannan duka abubuwa ne da ido ke gani ko hannu ke riƙewa. Ita kuwa kalmarmu ba mutum ba ce, ba gini ba ce, ba kuma takarda ba ce, shi ya sa harshe bai sami inda zai kama ta ba.

Asalinta daga Latin ne, ta biyo ta tsohon Faransanci ta shiga Ingilishi. Gaɓar farko tana nufin gaba, ta biyu kuwa tana nufin tafiya. A bakin lauyoyi, ma'anarta ita ce dukan matakan da ake takawa a gaban kotu, tun daga ranar da aka shigar da magana har ranar da aka yanke hukunci. Shigar da ƙara yana ciki, aika sammaci yana ciki, haka neman beli, da jin shaidu, da ɗage zama, da jawabin lauyoyi. Wannan ne ya sa galibi ake faɗinta da siffar jam'i.

Tana da 'yan'uwa uku da suke rikita masu fassara. "Procedure" ita ce ƙa'idar da aka shimfiɗa, kamar kundin bin shari'ar laifuffuka da Jihar Arewa ta fara aiki da shi a 1960 tare da Final Kod. Ƙa'ida tana nan a rubuce ko an yi shari'a ko ba a yi ba. "Process" a kotu takarda ce da ake kai wa mutum, irin su sammaci. "Proceeds" kuma kuɗi ne ko dukiyar da aka samu ta wata hanya, kamar yadda take a sunan dokar ƙwato dukiyar da aka tara ta hanyar laifi, wadda aka kafa a 2022. 'Yan haruffa ne suka raba su a rubuce, amma a ma'ana tsakaninsu akwai tafiyar kwana da kwanaki.

To, me muke da shi a Hausa? Mai fassara yakan yi wuf ya ce shari'a, ko ya ce ƙara. Ƙara ita ce kukan da mutum ya kai, watau mafari ke nan kurum. Shari'a kuwa jakar magori ce. Dokar Musulunci shari'a ce, zaman da alƙali ya yi ranar Litinin shari'a ne, rigimar gona da ta shekara bakwai ana yi shari'a ce, har ma mukan ce Allah ya yi mana shari'a, muna nufin sakayya. Kalmar da ke ɗauke da kaya haka ba za ta iya tsayawa a kan iyaka guda ba, alhali doka iyaka take nema.

Ga misalin da zai nuna cewa wannan ba gardamar malaman nahawu ba ce. Sashe na 308 na tsarin mulkin 1999 ya ba shugaban ƙasa da mataimakinsa da gwamnoni da mataimakansu kariya muddin suna kan mulki. Abin da ya hana shi ne a fara musu "proceedings" ko a ci gaba da wanda aka riga aka fara, na laifi ne ko na neman hakki. A bakin jama'a wannan ya koma "ba a taɓa gwamna", har wasu suka ɗauka ko ɗan sanda ba shi da ikon buɗe fayil a kansa. Marigayi Gani Fawehinmi ya kai maganar har Kotun Ƙoli, a ƙarar da ya yi da Sufeto Janar na 'yan sanda game da zargin da ake yi wa gwamnan Legas na lokacin. A 2002 kotun ta ce binciken 'yan sanda ba ya cikin abin da sashen ya hana, domin bincike aiki ne da ake yi kafin a je gaban alƙali. Ko da yake ba ta tilasta wa 'yan sanda su yi binciken ba, ta dai tabbatar da cewa ƙofar a buɗe take. Ku duba fa, iyakar kariyar gwamna ta rataya ne a kan sanin inda kalma guda ta fara. Mai fassarar da ya ce "ba a tuhumar gwamna" ya ba shi abin da doka ba ta ba shi ba, tun da tuhuma a Hausa tana iya zama zargi ko bincike.

Haka abin yake a ɗaya ƙarshen. Sashe na 174 da na 211 sun ba Antoni Janar ikon janye shari'ar laifi a kowane mataki kafin a yanke hukunci. In aka sanar a rediyo cewa an wanke wane, alhali janyewa aka yi, an yi wa masu sauraro ƙarya, don ba a ce ba shi da laifi ba, tafiyar ce aka katse. Sannan akwai abin da lauyoyi ke kira "stay", watau a tsayar da komai cik har sai babbar kotu ta warware wani ƙulli. Da wannan dabara aka riƙa jan shari'un manyan mutane shekara da shekaru, har dokar gudanar da shari'ar laifuffuka ta 2015, a sashe na 306, ta hana kotu sauraron irin wannan roƙo. Tsayarwa dabam, ɗage zama dabam, kora dabam, amma sau da yawa a jarida sai ka ga duka an ce "an dakatar da shari'a". Dangin wanda ke tsare ba su san ko su yi murna ko su yi kuka ba.

A ganina ba mu rasa abin yi ba, mun dai juya wa taskarmu baya ne. Tun kafin zuwan Turawa alƙalanmu suna da matakai sanannu, suna karanta su a Tuhfa ta Ibn Asim, malamin Andalus, da sauran littattafan Malikiyya. Mai da'awa ya faɗi da'awarsa, wanda ake ƙara ya yi iƙirari ko ya yi musu, a nemi shaidu, in babu a koma ga rantsuwa. Kafin hukunci kuma sai a yi i'izari, alƙali ya tambayi wanda hukunci zai hau kansa ko yana da sauran hujja. Wannan mataki yana da nauyi ƙwarai, har kotunan ɗaukaka ƙara sukan rushe hukunci saboda an tsallake shi. Ashe kowane mataki yana da sunansa a bakin alƙali da muhutinsa. Abin da ba mu ware ba shi ne sunan da zai tattara su duka.

Kalmar tana da wata fuska kuma, ita ce rubutaccen bayanin abin da ya gudana. Sashe na 36 ya wajabta wa kotu ta ajiye irin wannan rubutu a shari'ar laifi, ya kuma ba wanda ake tuhuma hakkin samun tafinta kyauta in ba ya jin harshen da ake shari'ar da shi. Alƙalan ɗaukaka ƙara ba su ga fuskar shaida ba, ba su ji muryarsa ba, wannan littafi kaɗai ke gabansu. A wasu ƙananan kotunanmu da Hausa ake rubuta shi, sai an tashi haurawa sama a mai da shi Ingilishi. In shaida ya ce "na ji an ce", mai fassara ya rubuta abin da ke nufin "na ji ya ce", to jita-jita ta zama shaidar kunne, kuma gonar marayu tana iya salwanta a kan haka. Da wannan ma'ana ta rubutu ne kuma ƙungiyoyin masana ke kiran littafin takardun taronsu, majalisa ma haka take kiran bayanin zamanta na kullum. Nan babu alƙali, babu mai ƙara, saboda haka kalmar shari'a ba ta da wurin zama ko kaɗan.

Wasu abokan aikina sun fi son a ƙirƙiro kalma guda a ce kowa ya bi. Ni ban goyi bayan haka ba, domin kalmar da aka ƙera a ofis ba safai take fita ƙofar ofis ba. Shawarata ga tafintoci da ma'aikatan gidajen rediyo ita ce su dubi jimla tukuna. In ana maganar farawa ko hanawa, kamar a sashe na 308, a ce "gurfanarwa gaban kotu", don a fitar da bincike daga ciki. In ana maganar abin da ke tafiya, a ce "matakan shari'a". In kuwa littafin ake nufi, a ce "rubutaccen bayanin zaman kotu", ko da ya fi na Turancin tsawo. Ɗaliban da ke ajin fassara kuma ina so su je ƙaramar kotun da ta fi kusa da su, su zauna a bencin baya kwana uku, su rubuto mini yadda rajistara da tafinta ke faɗin waɗannan abubuwa da bakinsu, mu kwatanta da abin da na kawo yau.

Shugaba, nan zan dakata don a sami lokacin tambayoyi.