Akwatinmu Ba Na Kuɗi Kaɗai Ba Ne

 

Kafin mu buɗe akwati, ku ji labarin matan kasuwar Abeokuta, can ƙasar Yarbawa. Zamanin Turawa an ɗora wa mata haraji, ga ƙwace musu shinkafa da ake yi. Mace ɗaya in ta yi ƙorafi, wa zai saurare ta? Sai suka haɗa ƙungiya ƙarƙashin Funmilayo Ransome-Kuti, kowacce tana biyan kuɗin ƙungiya. Suka ɗauki akanta ya binciki lissafin hukuma. A 1947 dubbansu suka zauna a ƙofar fadar sarkinsu, Alake, har suka kwana. Ƙarshe aka soke harajin mata, a 1949 sarkin ya sauka.

Kun gani? Haɗin kai da zubi, irin namu.

To mu, famfon burtsatsenmu ya lalace, 'ya'yanmu mata na rasa makaranta saboda ɗiban ruwa. Mako mai zuwa mu rubuta kokenmu, wadda ba ta rubutu ta dangwala yatsa. Mu ware kuɗin mota, mu je wurin kansila tare, cikin ladabi. In shiru, mu koma.

Allah ya ba mu sa'a.