Jawabin Kwamitin Ciyarwa: Neman Taimako Don Wani Ma Sana'a Ce

Iyayenmu mata, yayye da ƙanne, da mazajenmu da suka ba mu goyon baya, sannunku da zuwa. Waɗanda suka taso daga Bakura da Maradun zuwa nan Mafara, mun san halin da hanya take ciki, Allah ya mai da ku gida lafiya.

An ce mu yi magana a kan aikinmu na nemo taimako domin masu fama da yunwa a cikin gari. Wasu na ce masa bara. To, abin da shekarun nan suka koya mana shi ne sana'a ce mai ƙa'idojinta. A manyan ƙungiyoyin agaji ma akwai ma'aikatan da ake biya albashi don wannan aiki kaɗai, kuma muna fatan wata rana a sami 'ya'yanmu a cikinsu.

Ƙasarmu ta noma ce. Tun da aka kammala madatsar ruwa ta Bakolori a 1978 ake noman rani a yankin nan. Amma 'yan bindiga sun raba mutanen ƙauyuka da gonakinsu, sun shigo gari suna raɓe a gidajen 'yan'uwa. Wanda ya saba ɗibar hatsi a rumbu, yau sai ya auna tiya a kasuwa. Cire tallafin mai a watan Mayun 2023 kuma ya ƙara wa komai tsada. Ga shi yunwar gari kunya gare ta, matar aure ba ta fitowa ta faɗa. Mu da muke shiga gidaje suna da biki, mu ke ganin murhun da ya kwana ba a hura shi ba.

Ƙa'ida ta farko ita ce sanin lokaci. Da azumi kowa na ciyarwa, Allah ya saka. Amma yunwa ta fi tsanani da damina, wajen Yuli da Agusta, tsohon hatsi ya ƙare, sabo bai nuna ba. Don haka da kaka ake roƙo, lokacin da gero da dawa suka yi araha a kasuwar Talata, a adana, a raba da damina.

Ta biyu, a faɗi abu takamaimai. In kika ce wa Alhaji “a taimaka”, zai ba ki abin da ya samu a aljihu. In kika ce gida kaza ne, kowanne na buƙatar tiya kaza a wata, ai kin ba shi abin da zai lissafa.

Ta uku, rubutu. Ko tiya ɗaya ce a sa ta a littafi, mutum biyu su sa hannu, bayan rabo a koma wa mai bayarwa da bayani. Wanda ya ga inda hatsinsa ya shiga, baɗi ba sai an roƙe shi sau biyu ba.

Ta huɗu, rufin asiri. Ba ma jera mata a rana, ba ma ɗaukar hotonsu a sa a Facebook. Da magariba ake kaiwa har ɗaki.

Ta biyar, sanin iyakarmu. Kunun gero da waken suya da gyaɗa yana gina yaro. Amma in ƙafafunsa sun kumbura, ko awon damtsensa ya nuna ja, wato ƙasa da santimita 11.5, wannan tamowa ce mai tsanani, a garzaya asibiti ranar nan.

Mazajenmu manoma, ku tuna zakkar hatsi: in amfanin damina ya kai nisabi, sa'i 300, ɗaya bisa goma ake fitarwa. Ku tambayi malamai, ga kuma Hukumar Zakka da Wakafi ta jiha.

Mu kuma roƙonmu na bana ƙarami ne: kowace mamba ta kawo tiya biyu da kaka, kafin hatsi ya tashi. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka.

Allah ya kawo mana zaman lafiya, ya mai da kowa gonarsa, ya maimaita mana. Wassalamu alaikum.