Karatun Dogon Hutu da Renon 'Ya'yanmu: Jawabi a Taron Reshe



Tun da Manufar Ilimi ta Ƙasa ta mayar da NCE mafi ƙanƙantar shaidar koyarwa, dogon hutu ya daina zama hutu ga yawancinmu. Da an rufe makarantu a ƙarshen Yuli sai mu ɗaura kaya, wasu Gumel, wasu Kano, wasu kuma Jami'ar Ahmadu Bello ta Zariya, neman NCE ko digiri. Yau muna son mu tsaya a kan tambayar da ba a cika yi a taro ba: idan malama ta shiga aji, wa ke riƙe da ɗanta?

Duk wanda ya yi wannan karatu ya san amsar. Malama takan tafi da jariri a goye, ta ɗauki 'yar raino mai shekara goma ko sha ɗaya daga dangi. Uwa na ɗakin lacca, yarinya na gindin darbejiya tana jijjiga yaro. Da ya tsananta kuka sai uwa ta fito ta ba shi nono, ta koma ta tarar an wuce ta. Ga shi lokacin ya faɗo tsakiyar damina, watannin Agusta da Satumba, sa'ad da sauro ya fi yawa. Mun san 'yan'uwanmu da suka bar jarrabawa suka kwana a asibiti saboda zazzaɓin cizon sauro ya kama yaro, wasu kuma daga nan ba su sake komawa ba. Idan karatun ya zarce ranar komawa makaranta, 'yar rainon ma ta rasa makonni daga nata karatun, alhali mu ne masu bin gida-gida muna roƙon a turo 'ya'ya mata makaranta.

Asarar ba ta malamar kaɗai ba ce. A ƙauyukanmu uba ya fi sakin jiki ya bar 'yarsa a aji idan akwai malama mace. Duk malamar da ta fasa karatu, ƙarin girmanta ya tsaya, kuma garinta ya yi rashi.

Saboda haka muna gabatar da shawarwari uku. Na farko, kafin hutu reshe ya tattara sunayen masu tafiya da jarirai da inda kowace za ta. Waɗanda suka haɗa kwaleji su yi karo-karo, kamar yadda muke adashi, su kama ɗaki kusa da azuzuwa, su ɗauki dattijuwa amintacciya, a tanadi tabarmi, gidan sauro da tsabtataccen ruwa. Masana lafiya sun ce a shayar da jariri nono zalla wata 6, don haka raba shi da uwa ba mafita ba ce.

Na biyu, shugabanninmu su rubuta wa hukumomin kwalejojin, su nemi ɗakin reno da ɗan lokacin shayarwa a jadawali. Roƙon ƙungiya ya fi na mutum ɗaya nauyi.

Na uku, manyan yara su zauna gida, amma kada a bar su suna gararamba a bakin rafi da kududdufi. Dokar UBE ta 2004 ta haɗa da kula da ƙananan yara, kuma azuzuwan share fage a rufe suke duk hutu. Mu nemi izinin sakatarorin ilimi a buɗe guda a Birnin Kudu, guda a Gwaram, waɗanda ba su tafi ba su riƙa karɓa-karɓa. A yi karatu kaɗan, a yi tatsuniya, dara, langa da carafke, a kuma kai su ganin tsofaffin zane-zanen kan dutse na Birnin Kudu, waɗanda baƙi ke zuwa gani alhali 'ya'yanmu da yawa ba su taɓa leƙawa ba.

'Yan'uwa maza, wannan aiki har da mu, domin matanmu da ƙannenmu ne. Muna roƙon a kafa kwamiti yau, ya kawo rahoto kafin jarrabawar zango na uku. Allah Ya raya mana zuriya, Ya sa albarka a karatunmu.